Farautar Muryoyin Nesa

Da wuya a sami al'ummar da ta ƙulla abota da akwatin rediyo kamar yadda Hausawa suka ƙulla. Tun daga 1957, lokacin da gidan rediyon BBC ya buɗe sashensa na Hausa, manomi da mahauci da maigadi da malamin zaure ba su rabu da ɗan rediyonsu ba, har kalmomi irin su gajeren zango da mita da agogon GMT suka zauna daram a bakin wanda bai taɓa shiga aji ba. Amma duk da daɗewar wannan abota, rediyon da muka sani hanya ɗaya yake bi. Can ake magana, nan ake saurare.

Akwai kuwa wasu bayin Allah, warwatse ko'ina cikin duniya, waɗanda ba su yarda su tsaya ga saurare kawai ba. Kowannensu yana da 'yar tasharsa a cikin ɗakinsa, da lasisin hukuma, da lambar kira wadda ba mai irinta a duk duniya. Ba sa watsa labarai, ba sa saka kiɗa, doka kuma ta hana su yin ciniki ko sakaya magana ta wannan hanya. Su ne 'yan rediyon sha'awa. Cikinsu an yi sarakuna da shugabanni, domin marigayi Sarki Husaini na Jodan da lambar JY1 aka san shi, marigayi Rajib Gandi na Indiya kuma da VU2RG. Daga cikin wannan jama'a akwai rukunin da sha'awarsa ta fi ta kowa zafi, wato masu farautar nesa, abin da su suke kira DX. Burinsu shi ne muryarsu ta kai kowane lungu na duniya, a amsa musu daga can, sa'an nan a ba su shaida a rubuce cewa an yi hakan.

Ni dai ban san da zamansu ba sai da aikin koyarwa ya kawo ni kudu, na kama haya kusa da gidan wani dattijo Bayarabe, tsohon injiniyan sadarwa. Ya yi shekaru yana aiki a Kaduna da Jos da Maiduguri, saboda haka yana jin Hausa kamar jakin Kano. Baba muke ce masa, shi kuma Malam yake ce mini. A bayan gidansa akwai wata doguwar hasumiyar ƙarfe, a kanta an ɗora eriya mai siffar ƙashin kifi, wadda takan juya da kanta wani lokaci da tsakar dare. Manyan unguwa suna raɗe-raɗin ko ɗan leƙen asiri ne, yara kuwa sun riga sun yanke hukuncin cewa da aljanu yake hira.

Ranar da ya fara shigar da ni ɗakin, abin da na gani bai taka kara ya karya ba: na'urar aikawa da karɓa wadda ba ta fi girman ƙaramin akwati ba, da abin magana, da mabugin saƙon Mos irin na ma'aikatan tangaraho na da, da batura saboda ɗaukewar wuta, da taswirar duniya a bango, da wani babban littafi a buɗe. Ƙarfin na'urar wat 100 ne, wato daidai da ƙwan lantarki irin na da. Ya murɗa, ya saurara, ya furta lambarsa da Turanci, wadda ta fara da 5N kamar ta kowane ɗan Nijeriya. Can cikin shuuu na iska sai wata murya ta maimaita lambar, ta ce 59. Baba ya ce 59, ya ƙara da 73, ya ɗauki biro ya rubuta. Duka-duka abin bai kai rabin minti ba.

Na ce, "Baba, shi ke nan?"

Ya ce, "Shi ke nan, Malam. Mutumin Japan ne. 59 na nufin ina jin ka rangadadau, 73 kuma sallama ce da fatan alheri."

Na ce, "Ko gajiya ba ka yi masa ba, balle ka tambayi iyali!"

Ya yi dariya ya ce, "Mutum nawa ke bayansa suna jira? In na tsaya gaisuwar Hausawa, kafin in kai ga ina labari, hanyar ta rufe."

Wannan magana ta rufewar hanya ita ce ta fara ja mini hankali, domin a kanta dukkan sha'anin ya ginu. Igiyar rediyo miƙe take tafiya, duniya kuwa a dunƙule take. To, yaya aka yi murya ta tashi daga gaɓar Tekun Atalantika ta sauka a Japan? A can sama, daga kimanin kilomita 60 har zuwa sama da 400, hasken rana yana mai da siririyar iskar wurin wani irin rufi wanda ke tanƙwaro igiyoyin gajeren zango su dawo ƙasa. Masanin nan na Ingila, Edward Appleton, ya tabbatar da samuwar wannan rufi a 1924, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1947. Saƙo yakan daki rufin ya faɗo, ƙasa ko teku su sake cilla shi sama, tsalle ɗaya yana iya cin kilomita 4,000. Amma rufin ba ya zama a hali ɗaya. Na rana daban, na dare daban, na rani daban, na damina daban. Mita 80 da mita 40 na dare ne, mita 15 da mita 10 na rana, mita 20 kuwa ita ce babbar kasuwa. Akwai kuma ɗan lokacin nan na ketowar alfijir da na faɗuwar rana, inda hanya takan buɗe ta 'yan mintoci zuwa wuraren da ba a jin su a sauran yini. Bugu da ƙari, ita kanta rana tana da zagayen da take yi na kimanin shekara 11, baƙaƙen tabon da ke fuskarta su yawaita sa'an nan su ragu. In sun yawaita hanyoyi su buɗe, in sun ragu a shiga fari. Ashe mai farautar nesa ɗan'uwan manomi ne, idonsa kullum yana sama, abin da yake jira kuma ba a hannunsa yake ba.

Abin mamaki shi ne, wannan gona ta gajeren zango da farko juji aka ɗauke ta. A 1912 gwamnatin Amurka ta kafa dokar da ta tura 'yan sha'awa zuwa mita 200 da abin da ya yi ƙasa, bisa zaton wurin ba shi da wani amfani. A ƙarshen Nuwamban 1923 sai ga Léon Deloy daga birnin Nis na Faransa yana musayar saƙo da Fred Schnell da John Reinartz a Amurka, a kan wajen mita 100. Wannan ne karo na farko da 'yan sha'awa suka yi magana ta kai da komo a tsallaken Atalantika. Kafin a jima manyan gidajen rediyo suka bi sawu, saboda haka duk wanda ya taɓa kama labaran asuba a gajeren zango yana cin moriyar wahalar waɗancan mutane ne. A 1925 suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Faris, daga nan kuma aka shiga ƙirga.

Lambar yabo ta farko da mai farauta kan nema ita ce WAC, wadda ake bayarwa tun 1926 ga wanda ya yi magana da nahiyoyi 6. Akwai WAZ, wadda ta kasa duniya shiyya 40, Nijeriya da Nijar da Gana suka faɗa shiyya ta 35. Amma uwa-uba ita ce DXCC, wadda ƙungiyar 'yan rediyon Amurka, ARRL, ta fara bayarwa a 1937 ga wanda ya haɗa ƙasashe 100. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka share allo, aka soma sabon lissafi daga 15 ga Nuwamba, 1945. Sai dai abin da suke kira ƙasa ya saɓa wa na littafin labarin ƙasa. A wurinsu Hawai da Alaska kowace mai zaman kanta ce, haka Ingila da Sikotilan da Welis, haka ɗan tsibirin Annobon da ke nan kudu da mu, har ma da hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Niyok. Jerin yana motsi tare da tarihi: Jamus ta Gabas ta fita a 1990, Sudan ta Kudu ta shigo a 2011, Kosobo ta shigo a 2018, jimilla ta zama 340. Wanda ya kai 331 sunansa ya shiga jerin girmamawa.

Ɗarin farko ba ta da wuya ga mai naci. Na ƙarshe-ƙarshen ne ke cin shekaru, domin wasu wuraren ba kowa a cikinsu, wasu kuma hukumarsu ba ta yarda ba. Koriya ta Arewa ba ta bai wa 'yan ƙasarta lasisi, baƙi ƙalilan ne aka taɓa bari suka kunna na'ura a can. Tsibirin Bouvet, mallakar ƙasar Nowe, dutse ne lulluɓe da ƙanƙara a tsakiyar kudancin Atalantika, ba kuma tsibirin da ya kai shi nisa da wata ƙasa a duk duniya. A 2018 wata tawaga ta kashe dukiya mai yawa, ta yi kwana da kwanaki a teku, ta hango tsibirin da idonta, amma iska da matsalar injin jirgi suka sa ta juyo ba ta sauka ba. A 2023 wata tawagar ta sauka da ƙyar, ta kafa tanti, ta yi magana wajen sau 19,000 kafin ta tattara. Mai karatu yana iya cewa wannan ai hauka ne. Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi.

Da a nan abin ya tsaya, da ni ma sai in ɗauke shi a matsayin wasan manya, irin na masu tara kan sarki. Abin da ya sa ya zauna mini a zuciya shi ne sharaɗin da aka gindaya wa ƙirgar. Ba a ƙirga maka ƙasa don ka ji ta, ba a kuma ƙirga ta don ka ce ka yi magana da ita. Sai wancan mutumin na nesa ya duba nasa littafin, ya ga lambarka da rana da lokaci bisa agogon GMT da zangon da kuka haɗu, sa'an nan ya aiko maka da kati mai sa hannunsa, wanda suke kira QSL. Waɗannan katuna su ake gabatarwa a tantance ɗaya bayan ɗaya. Wato duk girman hasumiyarka, duk tsawon daren da ka raya, nasararka tana hannun wani baƙo da ba ka taɓa gani ba.

A adabinmu matafiyi shi ne mai labari, shi ne kuma shaidar kansa. Alhaji Imam na cikin Ruwan Bagaja da bakinsa yake zayyana garuruwan da ya ratsa da abin da ya yi a cikinsu, mu kuma mu yarda don daɗin labari. Haka fataken da suka je Gwanja sayen goro suka riƙa dawowa da labarai, wanda bai je ba kuwa ba shi da bakin musu. Amma muna da wata tsohuwar al'adar, ta malamai, wadda ba ta karɓar na ji an ce. An ruwaito cewa Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda domin ya ji hadisi ɗaya daga bakin wanda ya ji shi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Almajiri ba ya ba kansa ijaza, malaminsa ke ba shi. Ba ina haɗa darajar ilimin addini da wasan rediyo ba ne, amma ɗabi'ar da ke ƙarƙashinsu ta yi kama: faɗarka ba ta isa ba, sai wanda kuka haɗu da shi ya gaskata ka.

Na ga nauyin wannan sharaɗi a kan Baba. In aka huda ƙasa daga ƙarƙashin ƙafarmu nan kudu maso yammacin Nijeriya, aka bi ta tsakiyar duniya, a Tekun Fasifik za a ɓulla, can wajen tsibiran Tokelau da Kiribati, nisan kusan kilomita 20,000 in aka auna ta bisa doron ƙasa. Ba inda ya fi nan nisa da mu. Wata shekara wata tawaga ta je ɗaya daga cikin tsibiran wannan yanki, inda akan yi shekaru ba a ji motsin kowa ba. Baba ya yi kusan mako biyu yana tashi kafin asuba, yana kira cikin dubban masu kira. Ana saura kwana biyu su tashi, suka amsa masa da bugun Mos. Ya rubuta a littafinsa, ya aika kati. Bayan watanni amsa ta zo cewa ba ya cikin littafinsu. A daidai wannan minti akwai wata lamba mai kama da tasa, amma harafi ɗaya ya bambanta. A saƙon Mos ɗigo ɗaya ne tsakanin S da H, iska kuwa ta haɗiye ɗigon.

Na ce, "Baba, ai kai ne. Kowa ya duba ya san kai ne."

Ya ce, "Ni na sani, Malam, Allah ma Ya sani. Amma mutumin can abin da ya ji shi ya rubuta. In na matsa masa ya canza, shaidata zan karɓa daga hannunsa, ba tasa ba."

Har yau gurbin wannan tsibiri a jerinsa fari ne fat.

Ga kuma ɗaya gefen. Masu lasisi a Nijeriya ba su da yawa in aka kwatanta da Japan ko Amurka ko Jamus, inda ake ƙirga su da dubbai. Saboda haka da zarar an ji 5N a iska, mafarauci ya zama abin farauta. Na sha ganin Baba ya yi kira ɗaya, ɗakin ya cika da ƙara kamar an taɓa gidan zuma, ɗaruruwan muryoyi a kan juna. Yakan rufe ido ya karkata kai, ya tsamo harafi biyu daga cikin hayaniyar, ya ce mai waɗannan haruffa kaɗai ya sake kira. A nan na gane cewa rabin gwanintar wannan fanni a kunne take. Yakan kuma tsallake masu ƙarfin murya da gangan ya nemo mai rauni, domin a cewarsa mai rauni ne ya fi daɗewa a layi.

Bayan magana sai ɗawainiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane kati yake jira. Wasu sukan aiko ta hannun ƙungiyoyi, wanda yakan ɗauki shekara ɗaya ko biyu. Wasu sukan aiko kai tsaye, su saka dala ɗaya ko biyu a ambulan kuɗin mayar da amsa, wani lokaci kuma ambulan ya iso a fafare, ko ya ɓace a hanya. Baba yakan amsa ko da kuɗi ko babu, daga ɗan fanshonsa, domin ya ce mutumin da ke wani ƙauye a Folan bai san wata Nijeriya ba sai wadda ta yi masa alkawarin kati. Wani ya taɓa aiko masa da kuɗi masu kauri yana roƙon kati kan maganar da ba a yi ba. Ya mayar masa da kuɗinsa da 'yar takarda mai layi ɗaya. Wani kuma, ɗan wani tsoho daga Amurka ta Kudu, ya rubuto cewa mahaifinsa yana kwance, Nijeriya ce kaɗai ta rage masa ya cika 100 a kan mita 80, ya kuma ce sun yi magana fiye da shekara 20 da suka wuce. Kwana uku Baba ya yi yana zazzage kwalaye, har ya samo littafin wannan shekarar, gara ta ci gefensa amma ta bar layin. Washegari ya aika katin.

Zamani ya taɓa wannan sha'ani kamar yadda ya taɓa komai. Tun 2003 ARRL ta buɗe rumbun intanet inda kowa ke zuba littafinsa, in bayanan mutum biyu suka dace sai shaida ta tabbata ba tare da kati ba. A wannan shekarar ne kuma aka cire wajabcin iya Mos daga dokokin duniya. A 2017 Joe Taylor, wanda ya sami kyautar Nobel a 1993, da abokin aikinsa Steve Franke suka fito da wata hanya mai suna FT8, inda kwamfuta ke musayar saƙo kowane daƙiƙa 15, tana tsamo abin da kunnen ɗan'adam ba ya ji sam. Baba ya gwada, ya ce na'ura ce ke gaisawa da na'ura, shi ɗan kallo ne. Ni kuwa ina ganin alfanunta, musamman a garuruwanmu inda janareta da na'urorin caji suka cika iska da ƙara, ga matashin da ba shi da filin kafa hasumiya. Kuma ko a wannan sabuwar hanya sharaɗin nan yana nan, sai littafi biyu sun yi shaida ɗaya. Masu tambayar me ya sa za a sha wannan wahala alhali ga wayar hannu, amsarsu ita ce mai waya wanda ya sani yake kira, ta kan hasumiyoyin kamfani da igiyoyin ƙarƙashin teku. Mai rediyo kuwa tsakaninsa da wanda zai amsa ba kowa sai sararin Allah, bai kuma san wanda zai amsa ba.

Muna cikin lokacin da takardun yabo suka yi araha. Ana sayen sarauta, ana sayen digirin girmamawa, ana shirya biki a otal a raba alluna ga duk wanda ya biya kuɗin tebur. Mu ma na cikin jami'a da masu rubutu ba mu tsira ba, domin sau da yawa mutum shi ke rubuta kirarinsa ya ba wani ya karanta. Takardar DXCC da ke bangon ɗakin Baba ba ta fi ta kammala firamare kyau ba, ba ta kawo masa ko sisi, maƙwabtansa ma ba su san ma'anarta ba. Amma a ƙarƙashinta akwai kwalaye cike da katuna sama da ƙasashe 300, kowane ɗaya da sa hannun mutumin da ba ya jin tsoronsa, ba ya kuma neman komai a wurinsa.

Rana ta kai ƙololuwar zagayenta a 2024, yanzu ta kama gangara, bisa lissafin shekara 11 kuwa sai wajen 2035 za ta sake cika. Baba ya haura 80, shi da kansa ya yi mini wannan lissafi, bai kuma ƙara komai a kai ba. Abin da ya dame shi yanzu shi ne littattafansa na shekara 40 da 'yan kai, waɗanda duk da biro aka rubuta su, akwai kuma mutane a cikinsu da ba su karɓi shaidarsu ba tukuna. Don haka duk ranar Asabar ni da jikansa muke zama, shi yana karantowa, ni ina bugawa a kwamfuta, Baba yana gefe yana gyara mu in mun ɗauki sifiri a matsayin harafin O. Mun gama littafi 9, saura 23. Allah Ya ba shi tsawon rai da lafiya, Ya ba mu ikon sauke wannan amana, amin.